Abin da na koya a bayan kyamarar dokumentari

Ana yawan tambayata wai meye bambancin aikinmu da na masu ɗaukar fim ɗin labari. To mu dai ba mu da "a sake". In abu ya faru ya wuce kenan, ba daraktan da zai ce wa mai hawaye ya koma ya sake zubarwa.

Farkon shigata na ɗauka duk harkar sanin na'ura ce, na haddace komai, hoto 25 a sakan ɗaya, shata (wato marfin da ke buɗewa haske ya shiga kyamara) a 1/50 na sakan, hasken rana 5600 a ma'aunin Kelvin na launin haske, kwan ɗaki mai jan haske 3200. Kuma suna da amfani fa, don in ka yi wasa da shata a inda wutar lantarki take 50 haz (wato tana juyawa sau 50 a sakan ɗaya) sai ka ga hoton yana ta ƙyaftawa.

Amma wata tsohuwa ce ta koya min aikin. Muna hira da ita kan ɗanta da ya ɓace, kusan awa biyu amsa ɗaɗɗaya take bamu, darakta ya ce shikenan mun gama, na kashe kyamara na fara naɗe wayoyi, sai kawai ta fara bada labarin ranar da ya fita, rigar da ya sa, yadda har yau take tashi in ta ji motsi a ƙofa, kowa a ɗakin ya yi tsit ni kuma hannuna na kan wayar da nake naɗewa. Wallahi har yanzu abin na cina. Tun daga ranar kafin mu fara nake cewa "Mama, kyamara za ta ci gaba da aiki har sai kin ce a kashe", don ɗaukar mutum a ɓoye cin amana ne, ba na yi.

Sauti kuma kar ka raina shi, mai kallo zai jure hoto mai duhu amma in baya jin magana tashi zai yi. Kullum sai na naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya saboda edita, kowane hoto kuma na riƙe shi aƙalla sakan 10 ko da hannu na rawa.

Katin memori ya taɓa mutuwa min da aikin yini guda a ciki. Yanzu komai dare komai gajiya ba na kwanciya sai na yi kwafi 3, ɗaya a jakar wani daban.