Hakin da na yi a Gembu

Bayan sallar asuba muka bar Gombe, ni da Baffa, za mu ɗaurin auren ɗan amininsa a Gembu. Muka bi ta Kumo, Billiri, Kaltungo da Numan, muka kwana a Jalingo. Washegari muka wuce Bali da Serti, sai Mayo Selbe, inda hanya ke fara naɗe dutsen Mambila kamar rawani. Mota na kuka a giya ɗaya, kunnuwana suka toshe, zafin da muka baro ya koma sanyi mai ratsa ƙashi.

Da magariba na nufi masallaci a kan wani ɗan tudu, irin wanda a gida ba zan ma san na hau ba. Ban kai rabi ba na tsaya, hannu a gwiwa, ina haki, bugun zuciya har cikin kunne. Wata dattijuwa ɗauke da dammin itace ta wuce ni tana yi mini sannu.

Baffa ya dafa kafaɗata. "Ɗana, nan ba Gombe ba ce. Taka a hankali, ka yawaita shan ruwa, kwana uku zai sake ka."

Ni ma'aikacin jinya ne, na karanta wannan a makaranta, amma sai ranar na ji shi a ƙirjina. Gombe na wajen mita 500 sama da teku, Mambila kuwa kimanin 1,600. Oksijin kashi 21 cikin 100 ne na iska a duka biyun, sai dai a sama iskar ba ta da nauyi, don haka oksijin da ke cikin kowace shaƙa yakan ragu da kusan ɗaya bisa takwas. Wasu 'yan ƙwayoyi a jijiyar wuya ne ke fara ganowa, su sa ƙwaƙwalwa ta hanzarta numfashi. Cikin kwanaki ƙoda takan daidaita jini ta hanyar fitsari, ta kuma aika wa ɓargo saƙo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, aikin da ke cin makonni.

Daren farko barci ya yi ta yankewa. Ranar huɗu na hau tudun nan da kwandon fiya a ka, muna hira da Baffa.

Da muka dawo, maƙwabciyarmu ta ce za ta kai ɗanta mai sikila can hutu. Na roƙe ta ta fara ganin likitansa, domin ƙarancin oksijin na iya tayar masa da ciwon.