Zarton Baba ya sake kuka

Muna kwashe kayan ɗakin ajiya a gidanmu na Kassala bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da injin zartonsa a cikin buhu. Stihl 08 S ne, ƙirar Jamus, ga nauyi kamar dutsen niƙa. Da shi ya ciyar da mu tun 1995, lokacin da gwamnati ta ce a kawar da itacen miskit. An shigo da itacen nan Sudan a 1917, aka yi ta dasa shi don ya tare rairayi, sai ya zame wa gonakin bakin kogin Gash alaƙaƙai. Baba ya sare, a ƙona gawayi.

Yayana ya ce a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Na ce, "Yaya, ka ba ni wata guda."

Da na ja igiya na ji fistin yana turjewa, sai hankalina ya kwanta, don ciki da rai. Fetur ɗin da ya kwana shekaru a tanki ya daskare kamar ƙaro, tiyon mai ya tsage. Filogi ba wuta, sai da na goge tsatsar abin da makanikan nan ke kira ablatin, wato 'yan ƙarafan da ke haɗuwa su rabu don filogi ya ba da wuta, tartsatsi shuɗi ya fito.

Duk da haka ya ƙi tashi. Kwana huɗu ina ja har kafaɗa ta sage. Na kai wa wani dattijon makaniki a kasuwa, ya kwance kafireta, ya miƙo mini wata 'yar fatar roba. "Ɗana, ga ciwon." Ashe wannan kafireta ba ta da kwanon mai irin na babur. Fatar ce ke bugawa tana tsotso mai, shi ya sa zarto ke aiki ko an karkata shi. Ta bushe ƙayau kamar kilishi. Mako uku na jira kafin ɗan kawuna ya aiko da sabuwa daga Jidda.

Na haɗa mai yadda Baba ke yi, awo 25 na fetur, ɗaya na baƙin mai. Ja na shida ya tashi, hayaƙi ya cika tsakar gida. Ba shi da birkin sarƙa irin na injunan yanzu, don haka na riga na kore yara.

Inna ta fito daga madafa riƙe da ludayi, ta tsaya a bakin ƙofa. Da na kai hannu zan kashe, ta ce, "Bar shi tukuna."