Wasiƙa daga Hanover: makahon sarkin da ya ƙi sunkuyawa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga birnin Hanover da ke arewacin Jamus, domin in ba ku labarin Georg na Biyar, sarki na ƙarshe da ya mulki wannan ƙasa kafin a shafe sarautarta a 1866.

An haife shi a Berlin ranar 27 ga Mayu, 1819, kwana uku bayan haihuwar 'yar baffansa Victoria, wadda ta zama sarauniyar Ingila. Tun daga 1714 sarki ɗaya ne ke riƙe da Birtaniya da Hanover, amma da yake al'adar Hanover ba ta yarda mace ta gāji gadon sarauta ba muddin akwai namiji, sai aka raba gari a 1837: Victoria ta hau na Ingila, mahaifin Georg, wato Ernst August, ya karɓi na Hanover. Har yau gunkinsa bisa doki yana tsaye a ƙofar babbar tashar jirgin ƙasa, kuma idan mutanen garin za su haɗu sukan ce a tarar da su a ƙarƙashin wutsiyar dokin.

Rashin lafiya ya cinye wa Georg ido ɗaya yana yaro, sannan hatsari ya tafi da ɗayan a 1833, yana ɗan shekara goma sha huɗu. Mutane da yawa sun yi tantamar ko makaho zai iya riƙe ƙasa, amma uban ya tsaya kai da fata cewa ɗansa tilo ne magajinsa, kuma haka aka yi a Nuwamban 1851. Ya auri Gimbiya Marie ta Saxe-Altenburg a 1843, suka haifi ɗa namiji, Ernst August, da 'yan mata biyu, Friederike da Marie. Mutum ne mai son kiɗa ƙwarai, har yana tsara nasa, kuma a 1857 ya yi wa matarsa kyautar wani tudu a kudancin birni inda aka gina mata fadar Marienburg, ginin da bai taɓa gani da idonsa ba.

A ganina ba makanta ce ta raba shi da mulki ba, taurin kai ne. Ya yi imani cewa Allah ne ya ba shi sarauta, don haka babu majalisa ko maƙwabcin da ya isa ya rage masa iko, shi ya sa a 1855 ya soke 'yancin da aka ba talakawa a tsarin mulkin 1848. Ga shi kuma ƙasarsa ta zauna a mummunan wuri, domin ita ce ta raba yankunan gabas da na yamma na Prussia, babbar masarautar da ke maƙwabtaka da ita, kuma Bismarck, firayim ministan Prussia, ba ya ɓoye kwaɗayinsa a kanta. Da rikici ya ɓarke tsakanin Prussia da Ostiriya a Yunin 1866, Prussia ta ba shi wa'adi ya shiga ƙawance da ita, ita kuma ta bar masa ƙasarsa. Hausawa na cewa faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, amma Georg ya ƙi, ya bi sojojinsa da kansa suka nufi kudu da niyyar haɗuwa da dakarun Bavaria, ƙawar Ostiriya. Sun yi nasara kan sojojin Prussia a garin Langensalza ranar 27 ga Yuni, sai dai an riga an kewaye su, harsashi da guzuri sun ƙare, suka miƙa wuya bayan kwana biyu. A Satumba Prussia ta haɗiye Hanover ta mai da ita lardi.

Ya yi gudun hijira zuwa Ostiriya, bai kuma taɓa amincewa cewa an tuɓe shi ba, har ya riƙa ciyar da wata rundunar magoya bayansa a ƙasar waje. Wannan ya ba Bismarck hujjar riƙe dukiyar gidan a 1868, kuɗin da ya kai tala (kuɗin Prussia na wancan zamani) miliyan 16, ya dinga amfani da ribarsu wajen sayen bakin 'yan jarida. Georg ya rasu a Paris ranar 12 ga Yuni, 1878, aka kai gawarsa Windsor aka binne shi cikin danginsa na gidan sarautar Ingila. Babbar fadar da ya fara ginawa a cikin Hanover, wadda bai kwana a cikinta ba, an mai da ita makarantar koyon fasaha a 1879, kuma ita ce yanzu babban ginin Jami'ar Leibniz.

Gabar gidan sarautar Hanover da na Prussia ta daɗe, domin ɗansa ma ya ƙi sakin iƙirarin sarautar. Sai a Mayun 1913 aka sasanta da aure, lokacin da jikan Georg ya auri Viktoria Luise, 'yar Sarki Wilhelm na Biyu na Jamus da Prussia, aka ba shi sarautar Brunswick, wadda ita ma ta faɗi a 1918 tare da sauran sarautun Jamus baki ɗaya.

Ku huta lafiya. Wassalam.