Tsutsar da ke gina wa kanta bututu a ruwan zartsi

Inda kogi ke zuba cikin teku, ruwan ba na daɗi ba ne, ba kuma na gishiri sosai ba. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, amma a bakin kogi adadin na hawa da sauka gwargwadon damina da rani da cikar teku. Halittu ƙalilan ne ke jure wannan sauyi, kuma cikinsu akwai wata 'yar tsutsa da masana ke kira Ficopomatus enigmaticus. Ta fi walwala idan gishirin yana tsakanin giram 10 zuwa 30 a lita, sai dai tana iya rayuwa a ƙasa ko sama da haka na wani lokaci.

Masanin Faransa Pierre Fauvel ne ya fara bayyana ta a 1923, daga mashigin ruwan birnin Caen na Faransa. Ana kyautata zaton jiragen ruwa ne suka yaɗa ta, manne a jikinsu. Yau tana nan a Turai da Amurka da Ajantina da Afirka ta Kudu da tafkin Tunis. 'Yar uwarta, Ficopomatus uschakovi, mai son ruwan ɗumi, ita ce ake samu a ruwan Legas.

Tsawon tsutsar bai cika wuce santimita 2 zuwa 2.5 ba. Bututun da take zaune ciki ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, faɗinsa kuma kamar milimita 2. Ita ke gina shi. A ƙarƙashin wata fata da ta kewaye wuyanta akwai ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin alli, fatar kuma ta riƙa shafe shi a bakin bututun har ya daskare. Sabon gini fari ne tas, tsoho kuwa ya kan koma ruwan ƙasa saboda laka da gansakuka. Jefi-jefi bakin bututun yana buɗewa ya yi leɓe, sannan gini ya ci gaba, shi ya sa ake ganin zobba-zobba a jikinsa. Waɗannan zobba, tare da murfin da take toshe ƙofa da shi mai baƙaƙen ƙayoyi, su ne alamun da ake gane ta da su.

Ba ta fita neman abinci. Sai dai ta turo gashin kanta waje, reshe 12 zuwa 20, ta baza su. Wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani suna kaɗa ruwa, su kamo ƙwayoyin tsiro da ɓurɓushin ruɓaɓɓun abubuwa su gangaro da su baki. Da waɗannan rassa take numfashi kuma. Inuwa na giftawa, ko ruwa ya girgiza, sai ta shige ciki ta ja murfi.

Haihuwa na farawa idan ruwa ya ɗumama, a wurare da dama wajen digiri 18. Mace da namiji su saki ƙwai da maniyyi cikin ruwa, 'ya'yan su yi ta shawagi har kusan mako uku kafin su nemi abu mai tauri su manne. Wannan shawagi shi ne asirin inda take yawa. A kogin da ke kwarara da ƙarfi, ruwa na kwashe 'ya'yan ya kai su teku su salwanta. A tafki mai ƙuntataccen baki, ko matsayar kwale-kwale da aka kewaye, 'ya'yan na nan gida, kuma sun fi son sauka a kan bututun 'yan uwansu. Da haka ɓawon katantanwa ɗaya ko kwalba da aka yar ke zama tushen tudu mai kama da saƙar zuma. A tafkin Mar Chiquita na Ajantina irin waɗannan tudun zagayayyu sun kai mita 7 a faɗi da rabin mita a tsayi, kuma a murabba'in mita ɗaya ana iya ƙirga dubban gomman tsutsotsi.

Ko alheri ce ko masifa? Ya danganta da wanda ka tambaya. A tafkin Zandvlei da ke Cape Town an yi lissafin cewa tsutsotsin na iya tace ruwan matsayar kwale-kwalen wurin baki ɗaya cikin kusan awa 26, don haka ruwa na washewa. A Mar Chiquita kuwa tudun na rage gudun ruwa, laka na taruwa, ƙaguwa na samun maɓoya ta yi yawa ta cinye sauran ƙananan halittun da ke cikin lakar. Ga mai kwale-kwale ko mai bututun jan ruwa, babu wata muhawara: tana toshe bututu, ta ƙara wa jirgi nauyi, ta hana ƙofar dam rufuwa.

Wajen yaƙi da ita ne aka fi yin aikin banza. Zuba mata ruwan daɗi na 'yan awoyi ba ya kashe ta, murfi kawai za ta ja ta jira. Kankare ta a cikin ruwa ya fi muni, domin kowane guntun da ya faɗi ƙasa sabon tushe ne. Abin da ke aiki shi ne a fito da jirgin tudu, a kankare shi a kan leda ko tamfol, a kwashe ɓarɓashin a kai nesa da gaɓa, a bar jikin jirgin ya bushe ƙarƙaf, sannan a shafa fentin hana mannewa. A yi wannan da sanyi, kafin ruwa ya ɗumama. Wanda ya kankare ana tsakiyar haihuwa ya share wa sabbin 'ya'ya fili ne kawai.

Don sanin lokacin da 'ya'yan ke fara sauka, a rataya 'yan faranti masu kaushi, kamar santimita 15 a kowane gefe, ƙasa da inda ruwa ke janyewa, a riƙa ɗagowa duk mako biyu ana duba ƙarƙashinsu da madubin ƙara girma. Fitowar fararen zare sirara na nufin an fara sauka. A riƙa rubuta zafin ruwa da yawan gishirinsa a kowace dubawa, domin lokacin saukar ya bambanta daga tafki zuwa tafki.