Kunne Kafin Yatsa: Yadda Ake Atisayen Jita

Ɗan Hausa da ya tashi a Omdurman, Kassala ko Mai Wurno yana da wata garaɓasa wajen koyon jita da ba kowa ke lura da ita ba. Yawancin waƙoƙin Sudan a kan matakin sauti biyar aka gina su, wanda makaɗa ke kira khumasi, kuma duka biyar ɗin suna zaune daram a gaɓoɓin wuyan jita. Kunnenka ya san su tun kana goye. Aikin da ya rage shi ne haɗa shi da yatsu.

Fara da saiti da kunne, ba da manhajar waya ba. Tsirkiyoyi shida ne, daga mai kauri: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Danna gaɓa ta 5 a kan mai kauri, ka kaɗa ta tare da ta kusa da ita a sake. In ba su daidaita ba za ka ji amon yana kaɗawa. Kana matsowa kaɗawar na lafawa har ta ɗauke. Haka za ka bi sauran, sai tsakanin Sol da Si, nan gaɓa ta 4 ake dannawa. Kullum ka taho daga ƙasa kana ɗaurewa, domin tsirkiyar da aka sassauta zuwa saiti ba ta daɗewa take zamewa.

Khumasin La kuwa ga shi: gaɓa 5 da 8 a tsirkiya ta shida (wato mai kaurin), 5 da 7 a ta biyar da ta huɗu da ta uku, sannan 5 da 8 a biyun ƙarshe. Kada ka tsaya hawa da sauka kawai, wannan yatsa yake koya wa hanya, kunne na barci. Rera sauti uku da bakinka tukuna, sannan ka lalubo su. Abin da baki ya kasa rerawa, a ganina, hannu ma kame-kame zai yi. Daga nan ɗauko gajeren yanki na kiɗan Sharhabil Ahmed, mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan Sudan, ka yi ta maimaita saurare har ka fitar da shi ba tare da takarda ba.

Sauti ya shaƙe ko yana zirrr? Sau da yawa yatsa ne ya yi nisa da ƙarfen gaɓa. Matso shi daf da bayan ƙarfen, da kan yatsa, farce a yanke, babban yatsa a bayan wuyan jita. Ƙara ƙarfi ba ya gyarawa, ciwon wuyan hannu yake jawowa. Sa metronom (na'urar ƙidaya bugun kiɗa) a bugu 60 a minti, risha (ɗan abin kaɗa tsirkiya) na sauka tana hawa bi da bi, kada ka ƙara gudu sai ka yi sau uku babu tuntuɓe, sannan ka ƙara 5.

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Juma'a, kantar yatsu ma a hankali take fitowa. Ka goge tsirkiya da ƙyalle bayan kiɗa saboda gumi da ƙura, kuma kada ka bar jita a rana ko cikin mota, zafi na lanƙwasa wuyanta.