Kunyar ɗan fari a gidan da babu kaka

Har yau a ƙasar Hausa akwai uwayen da za su tsufa, su koma ga Allah, ba su taɓa kiran ɗansu na fari da sunansa ba. Mahaifiyata na cikinsu, kuma ni ce 'yar farin. Idan tana nemana sai ta ce wa ƙanina, "Je ka ce wa 'yar Inna ta zo." Idan mu biyu ne kaɗai a ɗaki kuwa, "ke" ta wadatar. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na tashi na ga ana yi a unguwarmu ta cikin birnin Kano. Abin da ke damuna yanzu shi ne mun riƙe kunyar gam, amma mutanen da suke tallafe da ita a da sun watse.

A wancan zamanin, yarinya idan ta samu cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu. A can za ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, har a yi arba'in. Tun ranar suna ba ita ke riƙe da jaririn ba, ko nono sai an matsa mata take ba shi a gaban mutane. Idan ya kusa shekara biyu sai kaka ta aiko a kawo mata shi yaye, kuma sau da yawa daga yaye sai riƙo. Haka aka yi da ni. A ɗakin Inna, mahaifiyar babana, na yi wayo.

Inna ba ta jin kunyata ko kaɗan. "Kishiyata" take ce mini, ta ce na zo ƙwace mata miji, ni kuma in ce ai ta tsufa, tuwonta ma ya daina daɗi. A cikin wannan wasan nake faɗa mata duk abin da ke raina: wanda ya doke ni a makarantar allo, kuɗin aike da na yar, har saurayin da ya fara tare ni a hanya. Da daddare ta ce "ga ta nan ga ta nanku", mu sha labarin Gizo da Ƙoƙi. Ga Goggo a sashen baya, ita ce ta zaunar da ni ta koya mini wankan tsarki tun kafin in buƙace shi. Ga Kawu, wanda in na yi laifi nake gudu wajensa ya zo ya ba Baba haƙuri. Ga Baffa da ke duba allona. Kowace damuwa ta yaro tana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shi ya sa uba yake iya zama a zaure da kwarjininsa, uwa ta kawar da kai, kuma yaro bai rasa komai ba.

Kuma kada wani ya ce wannan kawar da kai rashin so ne. Lokacin da nake makarantar kwana, duk ranar ziyara ƙanina ke zuwa da ƙulli: garin kunu, ƙuli-ƙuli, wani lokaci dambun nama. Kullum saƙon ɗaya ne, "Inna ce ta ce a kawo miki." Amma na san ɗaurin ledar. Mahaifiyata ce kaɗai ke murɗa bakin leda sau biyu kafin ta ƙulle, kuma ita kaɗai ta san ba na son yaji da yawa a dambu. Tana tsaye a kaina dare da rana, sunan wata kawai take arowa.

To yau fa? Ma'aurata sun bar gidan gandu, sun kama haya ciki da falo a Ɗorayi ko Hotoro ko Rijiyar Zaki, wasu ma aiki ya kai su Abuja ko Legas. Daga miji sai mata sai 'ya'ya. Kaka sai da salla ake ganinta, Goggo kuwa murya ce a waya. Duk da haka uwa na nan tana kunyar 'yar farinta yadda ta ga an yi mata, uba na nan da fuskar da ya gada a zauren ubansa. Da an ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai ka ji an ce "Baba ya dawo", a kashe talabijin, kowa ya nemi lungu.

Ni malama ce a makarantar sakandare ta 'yan mata, kuma a can nake ganin inda abin ke ɓullowa. Wata rana aka tashi daga aji, wata yarinya 'yar aji ɗaya ta ƙi miƙewa daga benci. Da kowa ya fita na matsa kusa da ita, sai ta fashe da kuka. Ashe ta fara al'ada tun watannin baya, tana ta fama da tsumma ita kaɗai, tana zaton wata cuta ce ta kama ta. Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa wa Mama ba?" Ta ce, "Malama, ai ni ce ta fari, ba ma irin wannan maganar da ita." Uwarta mutuniyar kirki ce, na san ta, ba ta taɓa barin yarinyar ta zo makaranta da yunwa ba. Amma a gidan nan babu Goggo a sashen baya. Wannan yarinyar ta yi sa'a ma, don ni ta faɗa wa. Wasu ƙawa suke tambaya, ƙawar da ita ma ba ta sani ba, wasu kuma su tambayi TikTok, ko wani baƙo da ya iya daɗin baki a WhatsApp.

Idan na kawo wannan zancen, abin da iyaye maza suka fi ce mini shi ne, "In ka sake wa yaro fuska zai raina ka." Na fahimci tsoron, don ni ma ba na son gidan da ɗa zai ɗaga wa ubansa murya, kuma ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun hana ko da cewa "tir" ga iyaye. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Shi ne kuma yake miƙewa ya tarbi 'yarsa Nana Faɗima idan ta shigo, ya zaunar da ita a mazauninsa, ya ɗauki jikarsa Umama yana salla. Wa ya taɓa raina shi saboda haka? A Suratu Luƙman ma, daga aya ta 13 zuwa ta 19, uba ne zaune da ɗansa yana yi masa magana baki da baki, tun daga tauhidi har yadda zai yi tafiya da yadda zai sassauta murya. Bai aika kawu ba.

Ni dai na yanke shawara tun haihuwata ta fari: ina kiran 'yata da sunanta, ko da dangin miji za su ce ba ni da kunya, kuma sun faɗa. Aikin Goggo ni na yi mata shi da bakina, muna tsince shinkafa a tsakar gida, ba na kallonta ba ta kallona, don hakan ya fi mana sauƙi. Babanta kuma ranar Juma'a a ƙafa yake tafiya masallaci da mazan, ya bar babur a gida, saboda a hanya ne suke buɗe baki su yi masa hira. Idan an yi dogon hutu ina tattara su gaba ɗaya in kai su cikin gari wajen kakanninsu, su kwana a can, su yi faɗa da 'ya'yan baffanninsu, su san wa za su kira idan wata rana maganar ta fi ƙarfin su faɗa mana.