Rishikesh, garin da ake koyar da sauraro

Jirgin ƙasan da ke barin Delhi da sassafe yakan kai mutum Haridwar kafin azahar. Daga nan zuwa Rishikesh kimanin kilomita 25 ne, na yi su a adaidaita-sahu, muna kutsawa tsakanin motocin masu ziyarar ibada da shanun da babu mai ce musu su kauce. Jinyar yayana ce ta kai ni Indiya. Da jiki ya yi sauƙi, ana jiran sakamakon gwaji, shi da kansa ya ce, "Je ka sha iska, ga Hajiya nan tana kula da ni." Ni kuwa sana'ata haɗa sauti ce a situdiyo, kuma na daɗe ina jin labarin wani reshe na yoga da ake kira nada yoga, wanda kacokan a kan sauraro aka gina shi.

Garin yana jihar Uttarakhand, daidai inda Kogin Ganga ke fitowa daga duwatsun Himalaya. Ba a sayar da nama ko giya a cikinsa, abincin duk miyar wake ce da shinkafa da gurasar capati. A nan Swami Sivananda ya kafa ƙungiyarsa ta Divine Life Society a 1936, yau kuwa kowane lungu ka shiga sai ka ga allon makarantar yoga. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne hayaniya. Babura na ta danna oda a lunguna, gadar Ram Jhula mai lilo maƙil da mutane da birai, da faɗuwar rana kuma bakin kogi ya kaure da kararrawa da busar katantanwar teku, ana ɗaga fitilu sama. Na tsaya daga nesa na kalla, domin ibadarsu ce, sannan na koma masauki na yi sallar magariba.

Malamin da aka haɗa ni da shi dattijo ne siriri, ɗakinsa a bene, taga na kallon ruwa. Tun kafin in zauna na ce masa, "Baba, ni Musulmi ne, ba zan karanta addu'o'inku ba, ba kuma zan rusuna wa komai ba." Ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗana, kunne kawai nake so ka zo da shi."

Ya zaunar da mu a tabarma, baya a miƙe, ido a rufe. Ya ce kowa ya nemo sautin da ya fi nisa. Na kama ƙarar wata babbar mota a tsallaken kogi. Sai ya ce a sake ta a dawo kusa. Gudun ruwa, tattabaru a kan rufi, tarin wanda ke gefena, daga ƙarshe numfashina. Bayan nan kowa ya toshe kunnuwa da manyan yatsu, ya ja numfashi, ya sake shi da guna irin na ƙudan zuma, abin da suke kira bramari. Haƙorana har kaɗawa suke yi. Da muka maimaita sau da dama ya ce a yi tsit, yatsu na nan a kunne, a mayar da hankali kan kunnen dama.

Da farko wani ruri na ji mai kauri, sai bugun zuciya, can ƙarƙashinsu kuma wata 'yar siririyar ƙara da ba ta yankewa. Da na bi ta sai ta fito fili, da tunanin kuɗin asibiti ya faɗo mini sai ta ɓace.

Bayan darasi na tambaye shi, "Baba, ai wannan jini ne da jijiyoyi. Duk wanda ya toshe kunne sautin jikinsa yakan ƙaru." Bai musa ba. Ya ce su suna raba sauti gida biyu: ahata, wanda sai abu ya bugi abu yake fita, da anahata, wanda a imaninsu babu bugun da ya haife shi. Ya ce mai fara koyo ba ruwansa da wannan gardama, aikinsa ya bar sauti mai kauri ya bi siriri, idan ya kama shi ya nemi wanda ya fi shi siranta. Ya ƙara da cewa duk wanda kunnensa ke ƙara dare da rana tana hana shi barci, likita zai nema. Wannan magana ta ƙara masa daraja a idona.

Sai ya ɗauko wani tsohon littafi, Hatha Yoga Pradipika, wanda Swatmarama ya rubuta wajen ƙarni na 15. A babi na huɗu aka jera sautukan da mai sauraro zai ci karo da su. Da farko masu nauyi, rurin teku da tsawa da tambari. A tsakiya ganga da katantanwa da kararrawa. A ƙarshe 'yan ƙananan kararrawa da sarewa da bina, wato kayan kiɗansu mai tsirkiya, da kukan ƙudan zuma. Duk mai aikin sauti zai lura cewa jerin yana tashi daga ƙasa zuwa sama, daga mai cika ɗaki zuwa wanda sai an kasa kunne. Wanda ya tsara wannan ya zauna ya saurara da gaske.

Littafin ya ce matakan wannan sauraro huɗu ne. Arambha shi ne mafari, inda suke cewa wani ƙulli da ke zuciya yana warwarewa, a ji sauti kamar kacau-kacau na kayan ado. A ghata ƙullin maƙogwaro ke buɗewa, zama ya daidaita, a ji tambari. A paricaya sautin yana komawa tsakanin girare. Na ƙarshe nishpatti, inda ake jin sarewa da bina, hankali ya narke cikin abin da yake sauraro har a rasa mai ji da abin ji. Wannan suke kira samadhi. Dattijon ya kuma kawo wani rabon daga Mandukya Upanishad, wani nassin addininsu mai baiti 12 kacal, wanda ya kasa sanin kai zuwa farke, mafarki, barci mai nauyi, da na huɗu, turiya, da suke cewa shi ke shaida sauran ukun.

Maganar ƙulle-ƙulle da sunayen allolin da suka rataya musu na bar musu. Amma tsarin kansa ya kama ni. Sun lura cewa ido ana rufe shi, kunne kuwa ba shi da murfi, don haka suka mai da shi linzamin da za a ja zuciya da shi. Sun kuma yarda cewa natsuwa hawa-hawa ce, ba a tsallake tsani. Na tambayi dattijon ko shi a wane mataki yake. Ya ce ba tambayar da ake amsawa ba ce, kuma yana jin takaicin masu zuwa kwas na awa 200 su koma gida da takarda suna iƙirarin sun kai ƙarshe.

Shi ya ba ni shawarar zuwa kogon Vashishta, kimanin kilomita 25 a kan hanyar Badrinath. Hanyar na murɗe-murɗe a gefen dutse, kogi na can ƙasa kore shar. Ana gangarawa ta matakala masu yawa kafin a isa. Cikin kogon duhu ne da sanyi, 'yar fitilar mai ce kawai a ƙuryarsa, mutane zazzaune a jikin bango. Na tsaya kusa da ƙofa. Dutse ya shanye ƙarar waje, har waccan siririyar ƙara ta dawo ba tare da na toshe kunne ba, ta kuma fi daɗewa kafin tunani ya kore ta.

Da na fito na gangara bakin ruwa na yi alwala, sanyinsa har cikin ƙashi, na yi la'asar a kan farin yashi. Matasa na wucewa a kwalekwalen roba suna ihu duk sanda igiyar ruwa ta ɗaga su. A hanyar dawowa Hajiya ta kira ta ce sakamako ya fito kuma likita na son ganinmu da safe, sai na wuce tasha kai tsaye na hau motar dare zuwa Delhi.